Ƙuma Ko Kuma

Da farko Auta ta ɗauka ƙurar gawayi ce.

Ta tsuguna a bakin ɗakin ajiya inda aka shimfiɗa wa kwikwiyon tsohon bargo, ta juya shi rigingine tana sosa masa tumbi, kamar yadda take yi kowace safiya kafin ta wuce makarantar da take koyarwa. Wani baƙin ɗigo ne a kan fatar. Ta kai yatsa za ta kaɗe shi, sai ɗigon ya yi tsalle.

Ta matso da fuskarta kusa.

Ta buɗa gashin wuyansa. Guda uku suka ruga cikin gashin. Ta duba bayan kunne, ta duba gindin wutsiya. Ko'ina suna nan, ƙanana, masu sheƙi, masu saurin tsiya.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ƙuma."

Kwikwiyon ya lashi hannunta, ya ɗaga ƙafar baya yana susa, bai san abin da ya ɗauko musu ba.

Daga falo ta ji tarin Baba da ƙarar buɗe jarida. Ta yi maza ta ja bargon ta rufe shi.

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana aikin duba-gari kafin ya yi ritaya. Ya rufe gidajen burodi, ya sa an zubar da nama a gaban mahauta suna kuka. Har yau in ya shiga ɗaki sai ya goga yatsa a saman ƙofa ya duba. Irin wannan mutumin ne Auta ta zo wa da maganar aurenta da Dogo, mai kiwon karnukan gadi yana sayarwa. Shekara biyu Baba bai ko yarda ya ba shi kujera ba. "Mai karnukan nan," haka yake kiransa, yana yatsine fuska.

Sai da ɓarayi suka haura katanga suka cire batirin mota sannan ya yarda a kawo kwikwiyo. Ranar da Dogo ya kawo shi, a tsaye Baba ya yi masa magana.

"Yau Asabar. Zan riƙe shi zuwa wata Asabar ɗin, kuma ba zan taɓa shi ba sai ranar. Kowa na iya wanke kare na yini ɗaya, amma in akwai ƙwai a jikinsa, a cikin mako zai ƙyanƙyashe. In na ga ƙwaro ɗaya, ɗaya tak, ka ɗauki abinka ka manta hanyar gidan nan. In ban gani ba, zan ba ka kujera mu yi maganar da kake so."

Yau Laraba. Saura kwana uku.

Auta ta shige banɗaki ta kulle, ta jingina da ƙofa, ta kira Dogo. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta san lokacin wanke keji ne, wayar tana can rataye a ƙusa. Sai ta rubuta masa saƙo, hawaye na ɗiga a kan gilashin. Wayarta ba ta da haruffa masu ƙugiya, haka ta saba rubuta masa tun farkon haɗuwarsu.

"Ya zo da kuma. Na rasa yadda zan yi, ba zan iya boye wa Baba ba. Ina ganin shi ke nan."

Tana cikin aji, tana tsakiyar darasi, amsa ta shigo. Ta leƙa wayar a ƙarƙashin tebur.

"Na gane. Allah ya sa haka ne mafi alheri a gare ki."

Ta karanta sau uku. Allin da ke hannunta ya karye. Da aka tashi tara ta kira, aka ce wayar a kashe take. Ta kira da azahar, ta kira da la'asar. A kashe.

Ashe haka yake? Shekara biyu, kuma ƙwaro ɗaya ya isa ya sa ya saki hannunta ko gardama babu?

Duk da haka ba ta bar kwikwiyon ba. Laraba da Alhamis, da zarar Baba ya fita zagayen da yake yi da yamma, sai ta ɗauko ƙaramin matajinta da kwanon ruwan sabulu, ta zauna tana tsefe shi. Ta kama ashirin ta nutsar, washegari ta tarar da talatin. Idon sawunta ya cika da jajayen ƙuraje, ta koma sa safa cikin zafin nan. Duk lokacin da Baba ya wuce ta bakin ɗakin ajiya sai ta bi shi da ido.

Gwaggo ce ta kama ta. Ƙanwar Baba ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Umma, kuma idonta ba ya barci.

Ranar Juma'a da yamma, Baba ya tafi taron tsofaffin ma'aikata, Auta tana durƙushe da mataji sai ta ga inuwa a kanta.

"Kitso ake wa ango?"

"Gwaggo, wallahi..."

"Ɗaga zanen nan in ga ƙafarki." Gwaggo ta sunkuya ta janye safar, ta tafa hannu. "Ai shi ke nan! Tun ba a je ko'ina ba sun fara cin ki. In kika shiga gidan nasa kuma sai mu zo mu kwashe ƙasusuwa."

Auta ta riƙe gefen zanen Gwaggo, hawaye shaɓe-shaɓe. "Don girman Allah, Gwaggo, kada ki faɗa wa Baba. Ki ba ni zuwa gobe kawai."

"Ni me na haɗa da faɗa? Yaya da kansa zai gani, mutumin da ke hango ƙwan sauro a cikin randa." Sai ta sassauta murya. "Haba Auta. Ni na goya ki. Ga ɗana nan, ɗan'uwanki, yaro mai shago, mai tsafta, ƙamshin turare tun daga bakin titi. Shekara nawa yana bin ki kina masa kallon bango? Bari ki ga wanda ke tsaya miki ranar wuya."

Ta ciro waya ta kira ɗanta.

Ba a yi rabin awa ba Ɗan Gwaggo ya iso. Shagon magungunan feshin gona gare shi a kasuwa. Ya shigo da farar riga a goge, da wata kwalba naɗe a leda.

"Ƙanwata, me ya yi zafi haka? Ina shi gwanin karnukan?"

Ta ci gaba da tsefe kwikwiyon.

"Ya kashe waya ko?" Ya yi murmushi. "To share hawayenki. Wannan da kike gani, tsutsar da ke cinye gona guda ma minti biyar take yi. Kafin Kawu ya dawo babu ƙuma ko ta magani. Ba zan faɗa ba, Inna ma ba za ta faɗa ba. Ni dai ki riƙe a ranki wanda ya zo da wanda ya gudu."

Auta ta dubi kwalbar. Akwai hoton ƙoƙon kai a jikinta.

"Yaya, ba zai yi masa ƙarfi ba? Mako bakwai ne fa kawai da haihuwarsa."

"Ke da kika san alli za ki koya mini magani? Ɗan kaɗan zan sa."

Ta san ya kamata ta ce a'a. Bakinta ya buɗe ma. Sai ta tuna gobe, ta hango Baba da tabarau a kan hanci yana buɗa gashin nan da yatsa. Ta sunkuyar da kai.

Ɗan Gwaggo ya naɗe hannun riga, ya tsiyaya ruwan a murfi, ya zuba tun daga wuya har wutsiya. Ya ƙara murfi na biyu. Wari ya gauraye tsakar gidan har Gwaggo ta toshe hanci da mayafi.

"Kin gani?" ya ce. Ƙumar na zubowa a kan siminti kamar an barbaɗa barkono. "Aiki ya ƙare."

Minti goma kwikwiyon yana ta birgima yana goga baya a ƙasa. Sai ya miƙe zai zo wurin Auta, ƙafafunsa na baya suka harɗe, ya faɗi. Ya sake miƙewa ya sake faɗuwa. Yawu ya fara dalala daga bakinsa, fatar bayansa na karkarwa kamar ana jan ta da zare.

"Yaya! Yaya, dubi!"

"Maganin ne ke aiki," ya ce, amma ya ja da baya taku biyu.

Ta sure shi ta rungume. Jikinsa duk rawa yake, idonsa ya ƙanƙance, zuciyarsa na bugun tafin hannunta da sauri kamar za ta fito. Ya yi wani siririn kuka da ba ta taɓa ji ba.

"Zai mutu! Gwaggo, zai mutu a hannuna! Me zan ba shi?"

"A ɗura masa madara," in ji Gwaggo, ita ma muryarta ta canza.

Aka buga ƙofar gida da ƙarfi, aka yi sallama, ba a jira amsa ba. Dogo ne, rigar aiki a jikinsa, gumi har wuya, da wata 'yar jaka a hannu. Ya shaƙi iskar sau ɗaya ya saki jakar.

"Me aka zuba masa?"

Ya hango kwalbar, ya ɗauka ya karanta, ya dubi Ɗan Gwaggo.

"Kada a ba shi madara, zai shaƙe. Malama, ajiye shi, yana taɓa fatarki. Kawo sabulun wanke kwanuka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Da yawa. Yi sauri!"

Ta ruga kicin, ta yi tuntuɓe da bokiti, ta dawo. Dogo ya durƙusa a bakin famfo, ya tallafe kan kwikwiyon da hannu ɗaya don kada ruwa ya shiga hanci, yana cuɗa shi da ɗayan. Ya ɗauraye, ya sake sa sabulu. Da kafaɗa ya maƙale waya yana magana da likitan dabbobi, yana karanta masa sunan da ke jikin kwalbar.

"Yana hanya da allura," ya ce. "Zuba a nan. A hankali. Ki wanke hannunki har gwiwa, ke ma."

Sau uku suka wanke shi. Ya naɗe shi da tawul ya ɗora mata a cinya, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi. Rawar ba ta tsaya ba, amma yawun ya ragu.

"Zai rayu?"

"Ban sani ba. In likita ya iso da wuri."

Sai a lokacin kukan da ta danne ya ƙwace mata.

"Ka kashe waya, Dogo. Kwana biyu da yini. Na kira ka har yatsana ya gaji. Na ce maka ina cikin masifa, ka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Alherin me? Ashe dama jira kake a ba ka hanya ka wuce?"

"Malama..."

"Da ka ɗauka sau ɗaya, sau ɗaya kawai, da ban bari an zuba masa wannan abin ba. Ni na ce a zuba. Ni na kashe shi."

Ya ciro wayarsa da jiƙaƙƙen hannu, ya buɗe saƙon, ya miƙa mata. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Karanta mini. Yadda yake a rubuce."

Ta share ido. "Ya zo da ƙuma."

"A'a. Yadda yake a rubuce."

Ta sake dubawa. Bakinta ya motsa ba sauti. Kuma.

"Ni abin da na gani, ya zo dai kuma," in ji Dogo, ya nuna Ɗan Gwaggo da haɓa. "Wancan satin kika ce mini ya zo ya zauna awa biyu, Gwaggo na ta yi miki nasiha. Sai ga saƙo, ya zo kuma, ba za ki iya ɓoye wa Baba ba, shi ke nan. Me kike so in ɗauka? Na ce ta gaji da jira, ta zaɓi mai turare. Ban ga laifinki ba. Na kashe wayar ne don kada in kira ki in roƙe ki."

"Ƙuma nake nufi! Ƙwaro!"

"Yanzu na sani. Ɗazu na ga uwarsa tana susa, na buɗa gashinta na gan su. Ina tsaye a wurin sai saƙon ya dawo mini. Na kunna waya na sake karantawa, na ce kaico, Dogo, jaki ma ya fi ka." Ya yi wata dariya mai kama da kuka. "Ke da kike zagaye wa yara ƙugiya da jan biro."

Ita ma dariyar ta zo mata ta haɗu da sheshsheƙa. Gwaggo ta ja tsaki ta kau da kai.

"Tun Laraba ban ɗauki tsintsiya ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Abinci kawai nake zuba musu in koma ɗaki in kwanta. In kika ga wurin nan yau sai kin yi amai."

Ƙarar sanda a kan siminti ce ta katse su.

Baba yana tsaye a bakin zaure. Babu wanda ya ji shigowarsa. Ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya bi tsakar gidan da kallo: kumfa a bakin famfo, kwalba a yashe, 'yarsa a zaune a ƙasa da kare a cinya, mai karnuka durƙushe a gabanta.

Auta ta ƙara rungume kwikwiyon.

"Wa ya buɗe maganin feshi a gidana, taku uku daga tankin ruwan sha?"

"Kawu, ai taimako na..."

"Kai ke sayar da shi ba ka karanta bayansa? Ɗauki kwalbarka. Ka fita da ita, ka wanke hannu, kada ka sake shigo mini da irinta." Ɗan Gwaggo ya sunkuya ya ɗauka, ya fice sumu-sumu. Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ta rufe.

Ya tako a hankali. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya dangwali ɗaya daga baƙaƙen ɗigon da ke kan siminti, ya murza a tsakanin yatsu, ya kai kusa da ido.

"Ƙuma," ya ce. "Daga ina?"

"Daga bargon ne, Baba." Maganar ta fito kafin Auta ta yi tunani. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ido da ido ba. "Tsohon bargon ɗakin ajiya. Kyanwar maƙwabta tana kwana a kai. Lafiya lau aka kawo shi, a nan ya ɗauka."

Baba bai dube ta ba. Dogo yake kallo.

"Haka ne?"

Auta ta kafe Dogo da ido tana roƙonsa ba da baki ba. Ka ce e. Kalma ɗaya ce. Don Allah ka ce e.

Dogo ya goge hannu a wando, ya gyara durƙuso.

"A'a, Baba. Daga wurina ne. Yau na gan su a jikin uwarsa. Na wanke shi kafin in kawo, amma ban duba shimfiɗar uwar yadda ya kamata ba. Sakacina ne. Ita tsoro ne ya sa ta faɗi haka, kada ku riƙe ta."

Auta ta rufe fuska da tawul ɗin. Shi ke nan. Da bakinsa ya yanka su.

Famfo na ɗiga a cikin bokiti, kwikwiyon na ja da numfashi da ƙyar.

"Na ce ƙwaro ɗaya," in ji Baba. "Ga su nan sun fi ɗari."

"Haka ne, Baba."

"Shekara talatin da biyu ina shiga wuraren mutane. Kowa na kama sai ya ce daga maƙwabta ne. Ɓera daga maƙwabta, ƙuda daga maƙwabta." Ya cire tabarau ya ninke. "Ban taɓa yanke hukunci a kan abin da aka kawo mini a hannu ba, sai na je na ga inda ya fito. A nan na yi kuskure, kuma zan gyara. Da mota ka zo?"

"E, Baba."

"Tashi mu je."

Dogo ya ɗago kai. "Ina, Baba?"

"Wurin karnukan. Abin da na gani a can shi ne amsarka, kuma ba zan sake wata maganar a kai ba."

Auta ta dubi Dogo, ta dubi Baba.

"Baba," ta ce, "yamma ta yi. Ga likita na hanya. Ba a bari sai gobe da safe ba? Ai gobe ce Asabar ɗin."

"Wanda aka ce masa gobe, share wuri yake kwana yi. Ke ki zauna ki jira likita." Ya juya ga ƙanwarsa. "Ɗauko mini tocilana a kan durowa, da farin hankicin nan."

Gwaggo ta tafi da saurin da Auta ba ta taɓa ganin ta yi ba.

Dogo ya miƙe. Ya buɗe jakarsa ya ciro wani mataji mai ƙananan haƙora ya ajiye kusa da ita.

"In ya farfaɗo, da wannan za ki riƙa bi, safe da yamma. A tafasa ruwa a wanke bargon. Kada a sake sa masa komai sai abin da likita ya ce." Ya ɗan tsaya. "Ki riƙa kiran sa, yana jin muryarki."

"Dogo," ta ce a raɗa, "ka ce masa motar ta lalace. Ka ce komai."

Ya girgiza kai. Ya bi bayan Baba, ya riga shi zuwa ƙofa ya buɗe masa.

Ta ji an rufe ƙofar mota ɗaya, an rufe ta biyu. Injin ya tashi, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace. Tafiyar minti ashirin ce zuwa wurin.

Auta ta sa tafin hannu a ƙirjin kwikwiyon. Zuciyar na bugawa, tana tsallake ɗaya, tana sake bugawa.